Ruwan da Ya Juyo da Baya

Ni ba mai surutu ba ce. A inda na fito, mai surutu ba ya kama kifi. Amma wannan magana ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifin kurungu, gara in amayar da ita ko na huta.

A bakin ruwa aka haife ni, a wani ƙauye da ko na faɗi sunansa yanzu babu amfani, don ruwan ya tafi, mutanen sun bi shi. Kafin in iya ɗaura zani na iya iyo. Ban ga ƙofar boko ba, ta allo ma ban daɗe ba, na salla kawai na samu. Fadama ce makarantarmu. Da asuba kukan agwagwar kirinjijiya ke tashe mu, da ƙarar gorar masunta tana bugun gora, maza suna shirin shiga ruwa. Mu 'yan mata aikinmu ya fi nasu yawa, ba a dai faɗa. Mu ne ɗiban ruwa, mu ne tsinkar bado, mu ne feɗe kifi, mu shanya, mu banda, hayaƙi ya yi ta cin idonmu har ya gaji ya bari. Hannuna har yau da tabon ƙayar tarwaɗa. In ruwa ya fara janyewa bayan kaka, mu bi shi da ƙwarya da ragar homa, mu tare ƙananan kududdufai mu kwashe. In rani ya yi nisa, ƙasa ta tsattsage, mu fita haƙar gaiwa. Gaiwa kifi ce da ke binne kanta a laka ta kwanta har damina ta dawo, tana cin jikinta. Sai ka bi busasshiyar ƙasa kana neman 'yar ƙofar da ta bari ta numfashi, ka ƙwanƙwasa da sanda, ka kara kunne. In tana ciki za ta yi maka gurnani. Wanda bai taɓa jin kifi yana gurnani daga ƙarƙashin busasshiyar ƙasa ba, kada ya zo ya ce zai koya mini ruwa.

Gwaggona ce ta koya mana, ƙanwar babana, mace marar dariya. Ba ta bayani. In ka yi daidai ta yi shiru, in ka yi kuskure ka ji ranƙwashi. Maganganunta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. "Ƙafa ke gani a ruwa, ba ido ba." "In zalɓe ya tsaya a wuri, da dalili." Sai wadda ta fi maimaitawa: "Ruwa gangare yake bi, ba ya komawa inda ya fito." Wata rana, ina 'yar ƙwailata, na hango tarwaɗa tana mutsu-mutsu a wani ragowar kududdufi, na yanka a guje ban taɓa ƙasa da sanda ba. Laka ta kama ni har cinya. In ja wannan ƙafa, waccan ta ƙara nutsewa. Na kurma ihu. Gwaggo ta zo ta tsaya a kan tudu, ta riƙe ƙugu, ba ta miƙo hannu ba. "Gama kukan tukuna," in ji ta. Da na gama ta ce, "Kwanta." Na ce laka za ta cinye ni. Ta ce, "Mai tsayuwa laka ke ci. Kwanta da bayanki, ki shimfiɗa hannu, ki zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya." Na kwanta ina zaginta a zuci. Laka ta sake ni, ta riƙe zanina. Haka na koma gida tsirara, 'yan uwa suna ta sheƙa dariya, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Na shekara ina jin haushinta. Yau da za a ce in zaɓi mutum ɗaya a tashe shi daga kabari mu zauna, ita zan zaɓa, ko da ba za ta ce uffan ba.

Sai aka je aka datse kogin can sama, inda ba mu taɓa zuwa ba. Ba wanda ya tambaye mu. Daga nan ruwa ya zama na mai mabuɗi. Da, mun san zuwansa kamar yadda mai ciki ta san watanta. Bayan dam, sai ya ƙi zuwa lokacin da ake jira, ya zo lokacin da ba a nemansa. Wani ƙato ne a zaune a ofis, ya murɗa ya buɗe, ya murɗa ya rufe. Wata shekara da rani tsaka suka sako shi, ya kwashe shukar da muka yi a gindin fadama. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsaye suka yi gida a cikinta suka cinye gero. Kifi ya ƙare. Maza suka watse birni, masu kogi suka koma tallan ruwa a garwa. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyar. Ɗaya ya rage mini, na farin, wanda ba na kama sunansa. Shi ya yi boko ya zama likita, yana aiki a babban asibitin Camberwell, nan ƙasar Turawa. Da matarsa ta haihu aka sa wa yarinyar sunana, aka ɗauko ni raino. Ga ni nan har yau, a ɗakin baya na flat ɗinsu, tagata tana kallon bangon wani.

Garin nan ba na sonsa, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Ruwa yana zuba daga sama kusan kullum, amma ko sau ɗaya ban ji ƙamshin ƙasa ba. Manya da gemunsu suna yawo da gorar roba suna tsotsa kamar jarirai. Kifin da nake saya a kasuwar Rye Lane sau biyu aka kashe shi, ɗaya a ruwa ɗaya a ƙanƙara, busasshen kuwa warin kwali yake. Kogin nasu na sha ganinsa ta tagar bas, wata rana cike taf, wata rana ya janye har ana ganin laka da tsofaffin tayoyi. Ban taɓa tambayar kowa ba. Me zan tambaya? A ganina na riga na san amsa: su ma suna da mai mabuɗi. Na ce a raina, ashe daga nan aka kai mana cutar. Na kau da kai, shekara da shekaru ban ƙara ba shi ido ba.

Takwarata kuwa ta tashi 'yar garin ce. Tana jin Hausa sarai, amsa ce sai da Turanci. Tana ƙarama na tambaye ta daga ina kifi ke fitowa, ta ce daga firji. Ta iya iyo, in dai iyo ne a ruwa mai warin magani da aka zana wa layi a ƙasa, wani yana zaune a kan doguwar kujera yana gadinsu. Abin da ke cina shi ne wannan: sunana ne a kanta, jinin masunta ne a jikinta. Gona babu, kogi babu, gida ya rushe. Abin da ya rage in bar mata shi ne abin da ƙafata ta sani. In na mutu ba ta san ruwa ba, an gama da mu ke nan, ko kabarinmu ba a sani ba.

Tana shekara goma sha biyu ta dawo da takarda daga makaranta. Za a kai ajinsu rafin Deptford, su shiga cikinsa lokacin da ruwa ya janye, a koya musu abin da ke rayuwa a ruwa. Ana neman manya biyu ko uku daga gida su raka su. Ubanta yana da aiki, uwarta ma haka. Na ce ni za ni.

"Ke, Kaka?" in ji takwarar, da Turancinta. "Ai ba kya jin abin da malama za ta ce."

"Ita ma ba ta jin abin da zan ce. Mun yi kunnen doki."

"Don Allah kar ki ba ni kunya a gaban ƙawayena."

"Ke da kika ce a firji ake haihuwar kifi, wa zai ba wani kunya?"

Ubanta ya yi dariya, sannan ya gyara fuska. "Inna, ƙasar nan da doka. Abin da malamar ta ce shi za a yi. In ta ce a tsaya, a tsaya."

"Likita, tun kana ciki nake shiga ruwa da kai."

"Na sani, Inna. Amma dai."

Ya sa hannu a takardar.

Da hantsi muka isa. Aka raba mana wandon roba mai haɗe da takalmi, har ƙirji, da igiya a kafaɗa, aka ba kowa doguwar sanda da safar hannu. Na cusa zanina ciki kamar ana ɗura buhu. Yaran sun kai talatin, baƙaƙe da farare da na tsakiya, ba wanda ya iya rufe baki. Muka gangara. Rafin ba komai ba ne, wani lungu ne tsakanin dogayen bango biyu, jirgin ƙasa yana wucewa ta sama, tsakiyarsa tsakuwa da ɗan ruwa iya idon sawu, gefe da gefe laka baƙa wuluk tana sheƙi. Sai warin lakar ya doke ni. Tun da na zo ƙasar nan, ranar ce ta farko da hancina ya gane wani abu. Idona ya ciko, na ji haushin kaina, na tsartar da yawu. Yaran kuwa sai toshe hanci suke suna ihun ƙyama. Mu a shekarunsu a cikin wannan warin muke cin tuwo.

Malamar wata siririyar yarinya ce ja, usur a wuya, agogo a hannu, takarda a cikin leda. Akwai kuma wani dogon mutum na wurin da ke gaba yana nuna hanya. Ta tara mu ta yi dogon jawabi, tana nuna agogo, tana nuna takarda. Na zunguri takwarar na ce me take cewa.

"Ta ce a bi tsakuwa, kar a taka gefe. Ta ce ruwa zai fara dawowa da ƙarfe ɗaya. In ta busa usur kowa ya juya."

"Wa zai buɗe ruwan?"

"Ba mai buɗewa, Kaka. Da kansa yake zuwa."

"Haka suke gaya muku."

Na ɗauka shirmen yara ne. Sama babu hadari, ruwa kuma ba ya kallon agogo. In akwai agogo a maganar, to akwai mutum a bayanta. Kuma duk muguntar mai mabuɗi, ba zai saki ruwa a kan yara talatin 'yan makarantar Turawa ba. In an makara, waya ce kawai za a buga masa ya dakata. Wannan lissafin na yi, na zauna a kansa daram.

Karatun nasu kuwa ga yadda yake. A ba yaro 'yar raga mai mariƙi, ya burga ƙasa da ƙafa, ya kamfato, ya juye a farin faranti. Sai a ɗauko kati mai hotuna, a duba, a ƙirga ƙafafun abin, a rubuta. Kada a taɓa da hannu, kada a kai hannu baki, kada a yi gudu, kada, kada. Yaro yana tsaye a cikin ruwa amma idonsa yana kan kati. Ban ce ba su sami komai ba. Sun sami jatan lande, sun sami wani ɗan kifi shimfiɗaɗɗe kamar tafin hannu da idanu biyu a gefe ɗaya, wanda ni kaina ban taɓa gani ba. Amma ba wanda ya ce musu ku yi shiru ku saurara. Ba wanda ya ce ku duba inda ruwa ya yi duhu, ku duba inda kumfa ke tashi. Can sai wata ƙaguwa ta fito daga ƙarƙashin dutse, mai gashi a hannu, yara suka watse da ihu kamar an ga kura. Na cire safar, na sunkuya, na dafe ta ta baya na ɗaga sama. Sai suka ɓarke da tafi. Malamar ta zo da murmushin dole tana nuna mini faranti, tana nuna safar. Na saka mata ƙaguwar. Na ji wata yarinya tana tambayar takwarata wani abu, takwarar ta amsa da ƙarfi, ta matso ta riƙe mini hannu. A gaban ƙawayenta. Ba ta taɓa yi ba. Wannan riƙon ne ya shiga kaina.

Gaba kaɗan rafin ya yi kwana, akwai wani tsohon jirgin ruwa a zaune a kan laka. Bayansa na hango zalɓe. Zalɓe dai irin namu, toka-toka, a tsaye da ƙafa ɗaya, ya zuba wa wuri ɗaya ido. Na ce wa takwarar, "Zo in nuna miki abin da babu a katinsu." Ta waiwayi malamar, malamar tana sunkuye a kan faranti da wasu. Ta biyo ni. Muka zaga bayan jirgin, muka ƙara gaba, zalɓen ya tashi. Daidai nan aka busa usur.

"Kaka, an busa."

"Bari su busa. Cire safar nan."

Inda zalɓen ya tsaya akwai tsohuwar taya rabi a binne. Na ɗaga ta a hankali. Ga shi nan a nannaɗe, dogon kifi mai kama da maciji, kamar ƙanen gaiwa. Na kama hannun yarinyar na ɗora a bayansa. Ya sulale ta tsakanin yatsunta. Ta yi ƙara, sannan ta yi dariya, irin dariyar da ke fitowa daga ciki, ta ce a sake. Muka bi shi, muka rasa shi, muka sake samunsa. Na nuna mata yadda ake tare masa hanya da ƙafa, yadda ake sa hannu daga ƙasa ba daga sama ba. Aka sake busa usur, can nesa. Ban ko ɗaga kai ba. Tun da na bar gida ban ji daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji ba.

Ganye na fara gani. Wani busasshen ganye ne a kan ruwa, yana tafiya sama, yana komawa inda rafin ya fito. Na tsaya ina kallonsa kamar wawiya. Sai na ji sanyi yana turo ni ta bayan gwiwa, ta inda bai kamata ba. Babu ƙara, babu ruri irin na ruwan da aka sako. Shiru yake zuwa, yana hawa tudu. Na waiwaya, tsakuwar da muka biyo babu ita. Na ɗaga kai na dubi bango, ga zanen gansakuka can sama, ya ninka tsayina biyu. Tun shigowarmu na gan shi. Ni da nake cewa yara ba sa duba abin da ke gabansu, na gan shi ban karanta ba.

Yarinyar ta riga ni ganewa. Ta saki sanda ta yanka a guje wajen bango, inda ta hango tsani. Na ce tsaya, ina! Taku huɗu ta yi laka ta kama ta har cinya. Tana ja tana nutsewa, tana kiran uwarta da Turanci. Na ce, "Kwanta! Kwanta da bayanki!" Ba ta ma san ina magana ba. Gwaggo ta sami damar jiran kukana ya ƙare don ruwanta ba ya zuwa ko'ina. Nawa yana zuwa. Na rarrafa na isa gare ta, ta cakume mini wuya za ta nutsar da mu duka. Na mare ta. Mari mai kyau. Ta yi tsit, ta buɗe ido. Na kwance igiyar kafaɗarta, na kwanta a kan lakar na shimfiɗa jikina, na ce ta kama ni ta zaro ƙafa daga cikin robar, ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya rufe mini kunne, ya shiga bakina, ɗanɗanon gishiri-gishiri, sanyi kamar ana yanka ni. Ta zaro ɗaya. Ta biyun ta ƙi. Ruwa ya kai mata ƙirji, ya mare ta a fuska, ta shaƙa, ta yi tari. Na nutsar da hannu na kama ƙwaurinta na fizga. Ta fito, ta bi ta kaina.

Sai ga malamar. Ashe ta ƙirga yara a bakin gangare ta ga babu mutum biyu. Ta keto ruwa har ƙugu, igiya a ɗaure a jikinta, dogon mutumin yana riƙe da ɗaya bakin. Ta goya yarinyar ta kai ta tsani, ta dawo ta kama ni, don wandona ya cika da ruwa ba na iya tashi. 'Yar siririyar nan da na rena. Da muka hau sama, leɓenta ya yi shuɗi, jikinta yana ɓari, ta zo har gaban fuskata ta yi ta zazzaga mini masifa tana kuka. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Na duba ƙasa, inda muka tsaya da kifin ya zama kogi, jirgin da ke zaune ya fara motsi.

Bayan kwana biyu aka kira mu ofishin shugabar makaranta. A hanya Likita ya ce, "Inna, kar ki ce komai, ni zan yi magana." Muka zauna, malamar tana gefe. Na bari ya yi nasa, sannan na ce, "Gaya wa malamar takardarta ta yi gaskiya, ni na yi ƙarya. Gaya mata ita ba ta da laifi." Ya yi wani dogon Turanci mai santsi. Ban yi boko ba, amma na san tsawon maganata. Na dubi malamar na doki ƙirjina, na haɗa 'yan kalmomin da na tsinta a bas da kasuwa, na ce ni ce, ba ke ba. Ta sunkuyar da kai. Sai shugabar ta tambayi maganar mari, don shatin yatsuna yana fuskar yarinyar. Likita ya taka mini ƙafa. Na ce na mare ta, kuma gobe in laka ta kama ta zan ƙara. Wannan kam dole ya fassara, don sun ga fuskata. Sau biyu wasu mata daga council, hukumar unguwa, suka zo gida da takardunsu suna tambayar ko ina dukan yarinyar, suna leƙa ɗakina kamar masu neman ɓarawo. Mutanen da ba su taɓa ciro ko kaza daga rijiya ba.

A gida bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga.

"Inna, an gaya miki. Yarinyar da bakinta ta gaya miki."

"Wane ne mai buɗe ruwan?"

Ya zuba mini ido. "Teku ne, Inna. Teku ke turo shi ya janye shi, kullum. Babu mai mabuɗi."

"Shekara goma sha biyu ina gidanka ba ka gaya mini ba."

"Ba ki tambaya ba." Sannan ya ce, "Ba za ki ƙara fita da ita ke kaɗai ba. Ki yi haƙuri."

Ɗan da na haifa a bakin ruwa, na yanke masa cibi da kaina.

Daga nan na shiga zuwa Deptford ni kaɗai. In hau bas, in ratsa kasuwa, in tsaya a kan gadar da ke kan rafin. Ruwan da ya kunyata ni, na ce sai na san shi. Ba takarda, ba agogo, ba mai fassara. Na ga sau biyu yake zuwa tsakanin wayewar gari da wata wayewar. Na ga kullum yana ƙara makara, kamar tsawon lokacin da za a tuƙa tuwo a kwashe. Na ga wani mako yana cika har ya kusa taɓa bakin bango, wani makon ya yi ƙwauro. Sanyi ya wuce, azumi ya zo ya wuce, kafin in kama bakin zaren. Wata yake bi. In wata ya tsaya, ko ya cika goma sha huɗu, bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan ya yi girma. In wata ya rabu biyu, ya yi lalaci. Ni da ban taɓa ɓatar da kwanan wata ba tun ina budurwa, abin yana hannuna ban sani ba. Mutane dubu suna wuce ni a gadar nan, waya a kunne, kofi a hannu, ba mai leƙa ƙasa. Suna da shi a rubuce, shi ya sa ba sa kallo. Wani ma ya taɓa tsayawa ya tambaye ni ko lafiya, wai ya zaci faɗawa zan yi. Na harare shi ya wuce.

Ban taɓa roƙon kowa ba, ko lokacin yunwa. Amma na roƙi Likita. Na ce ba cikin rafi ba, kan gada kawai, kuma ya zo da kansa ya tsaya. Na ce Asabar mai zuwa ruwan zai yi girma, zan faɗa mata lokacin da zai juyo kafin ya juyo, ta gani da idonta cewa kakarta ta koya. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce to.

Muka sauka daga bas mu uku. A cikin kasuwa tana ta surutu, tana nuna wa ubanta wani takalmi. Ni ina gaba. Da muka fito daga layin shaguna iska ta kawo warin laka. Na ji surutun ya yanke. Na waiwaya, ta tsaya cak a bakin titi, ta ƙanƙame hannun ubanta da hannu biyu.

"Taho mana, takwara. Daga sama za mu kalla."

Ta girgiza kai.

"Akwai shingen ƙarfe, ba abin da zai same ki. Ga ubanki nan."

Ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba. Likita ya ce, "Ta ce ba ta so, Inna." Ya sassauta murya. "Ban gaya miki ba ne. Tun ranar ba ta koma iyo ba, an yi cancel. Ko wanka a baho ba ta yarda a tara mata."

Na tsaya. Motoci suna wucewa tsakaninmu da gadar. Na ce su jira ni.

Na hau ni kaɗai. Na dafa ƙarfen na duba ƙasa. Lakar tana nan a shimfiɗe, ɗan ruwan tsakiya yana gangarawa. Na ƙirga a raina. Ya tsaya, ya yi kamar yana tunani, sannan ya juyo, daidai lokacin da na ce zai juyo. Na ɗaga hannu zan yafuto su. Suna can inda na bar su, ta ba rafin baya, ta cusa fuska a ƙirjin ubanta. Na sauke hannuna.

Tun daga kakan kakana ba a taɓa samun mai tsoron ruwa a gidanmu ba. Ita ce ta farko, kuma ni na koya mata.